Lambar da Na Ƙi Rubutawa

Ku yi haƙuri da shiruna na kwana biyun nan. Na ga saƙonninku, da masu tambayar ko lafiya da masu cewa ina ja muku rai. Ba jan rai ba ne. Abin da zan ba ku yau, sai da na zauna na tashi sau da yawa kafin hannuna ya yarda ya rubuta shi.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, sunana Dan-bi. A Pohang, wani gari na bakin teku, aka haife ni, a nan kuma nake aiki, a wani asibiti da ba zan kama sunansa ba. Ni ba likita ba ce, ba nas ba ce, ko allura ban taɓa riƙewa ba. Ofishinmu yana can ƙasan gini kusa da ɗakin wanki, mu huɗu da kwamfutocinmu da butar dafa ruwan shayi. Duk abin da likita ya yi wa majiyyaci, mu ne muke karantawa mu mayar da shi lamba, domin hukumar inshora lamba take ji, ba ta jin labari. Ciwo da lambarsa, aikin da aka yi a kansa da tasa lambar.

Tun bara aka ba ni ɓangaren masu haihuwa, a nan na koyi abin da na gwammace ban sani ba. Idan mace ta haihu jini ya ƙi tsayawa, akwai matakan da ake bi, kamar mai sauka rijiya. Da farko allura da murza ciki don mahaifa ta tsuke. In ta ƙi, a saka wata 'yar balan-balan a ciki, a cika ta da ruwa ta danne wurin. In ta ƙi, a bi ta jijiyar cinya da siririn bututu a toshe wa jinin hanya. In duk an yi bai ji ba, sai a cire mahaifar gaba ɗaya don a tsira da uwar. Kowane mataki da lambarsa, na haddace su kamar lambar wayata. Da farko ina buga su ina kurɓar shayi, ban san suna shiga jikina ba. Har ta kai in na ga mai ciki a bas, ba jaririn nake gani ba, rijiyar nake hangowa.

Shi ya sa na yanke wa kaina shawara a ɓoye cewa ni ba zan haihu ba. Ban gaya wa Omma ba, mahaifiyata ke nan. Ban gaya wa yayata Ye-sol ba. Balle Tae-ung, mutumin da ake shirin haɗa iyayensa da Omma a kan maganar aurenmu.

Ranar da abin ya faru, na fito daga wanka da safe na tarar Omma ta shimfiɗa bargo a tsakar ɗaki tana guga. Ƙasan ɗakin da ɗumi, taga ta yi gumi saboda sanyin Disamba, gidan kuwa kamar kullum yana ƙanshin busasshen kifin da take sayarwa a kasuwa, wanda da shi ta raine mu tun rasuwar mahaifinmu. Rigar da take gogewa sabuwa ce, ruwan madara, da ƙananan maɓallai masu sheƙi har wuya.

"Zo ki gwada."

"Omma, zan makara."

"Ki makara mana. Lambobin naki ƙafa gare su da za su gudu? Lahadi za mu zauna da iyayen mutum, ke kuma kayanki duk baƙaƙe kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa."

Na sa rigar. Ta ja nan, ta ja can, ta ɗan daki bayana don in miƙe.

"Uwarsa ta kira ni jiya. Ta ce ɗanta ɗaya ne tak, ba ta son a ja lokaci. Shekara da shekaru tana nitso a teku tana ciro kawa da sauran halittun ruwa masu ɓawo, gwiwoyinta sun fara gajiya, tana so ta goya jika tun da sauran ƙarfinta." Ta ɗago ta dube ni. "Kin ji ko? Yayarki yau ko gobe za ta sauke nata. Ke kin doshi talatin kina zaune a ƙasan gini kina ƙirga haihuwar wasu."

Murmushi kawai na yi. Ku gaya mini, ta ina ake fara irin wannan magana da uwa, tana durƙushe a gabanki tana gyara miki bakin riga?

A bas saƙon Tae-ung ya shigo. Injiniya ne a jirgin ruwan da ke kai fasinja tsibirin Ulleung, in teku ta tashi sai su maƙale can.

"Iska ta hana mu tasowa. Sai jibi. Kin karya?"

Ya biyo da hoton kansa a ɗakin inji, hular sanyi ta karkace, hancinsa da baƙin mai. Mutumin kirki ne, kuma wannan ne ya fi damuna. Da mugu ne da na huta. Akwai ranar da muna tafe a kasuwa ya tsaya gaban shagon kayan jarirai, ya ɗauki wani takalmi ɗan mitsitsi ya ɗora a ƙaton tafinsa yana dariya shi kaɗai. Ni kuwa na yi kamar ina duba waya.

Na rubuta masa, "Na karya. Ka kula da kanka." Na kife wayar a cinyata.

Da hantsi ina tsakiyar aiki wayata ta yi ƙara. Hyongbu ne, mijin yayata. Ashe tun asuba ya kawo ta asibitinmu, suka ƙi faɗa don kar a tayar wa Omma da hankali. Hoto ne na jaririya ja-wur, ta buɗe baki iya ƙarfinta, da rubutu a ƙasa: "Mace ce! Ta haihu da kanta. Uwa da 'ya lafiya."

Na yi ihu har shugabarmu, Madam Pyo, ta zare gilashinta. Abokan aikina suka tafa. Ku da ba ku san yayata ba, ba za ku gane ba. Malamar makarantar ƙananan yara ce, irin matan da 'ya'yan wasu ke maƙale wa a ƙafa. Ta daɗe da aure ciki bai zo ba, ta sha magani, ta sha allura, ta sha tambayar dangin miji. Amma ba ta taɓa rage burinta ba. Uku take so, har sunayen ukun ta zaɓa tun muna kwana ɗaki ɗaya.

"In an tashi cin abincin rana sai ki hau ki gan su," in ji Madam Pyo.

Ba a kai ga tashi ba saƙo na biyu ya shigo.

"Choje, ki hau yanzu. Sun ce jini ya ƙi tsayawa."

Choje yake kirana, ƙanwar mata. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ban jira lif ba, matakala na bi, takalmin ofis a ƙafata.

Na same su a bakin ƙofar ɗakin haihuwa. Omma ta iso daga kasuwa, ko atamfar aikin da take ɗaurawa a gaba ba ta kwance ba, ɓawon kifi a hannun rigarta. Hyongbu yana tsaye riƙe da jakar kayan jariri kamar an ce in ya ajiye wani abu zai fashe. Nas-nas suna shiga suna fita da sauri ba sa kallon kowa. Wata ta wuce da ledojin jini a cikin akwati. Na bi akwatin da ido.

Likitar ta fito, wata gajeriyar mata mai furfura a goshi. Ta ce mahaifa ta saki, ta ƙi tsukewa, sun yi allurai, yanzu sun saka balan-balan. Ta koma.

Omma ta damƙi hannuna. "Me ta ce? Ke kika san yarensu."

"Suna danne wurin ne, Omma. Yawanci daga nan yake tsayawa."

Ba ƙarya na yi ba. Yawanci daga nan yake tsayawa. Amma a cikin kaina lambar ta riga ta fito ɓaro-ɓaro, ga kuma ta ƙasa da ita tana jira. Na tsani kaina a lokacin. Yayata ce a ciki, wadda ta yi mini kitso, wadda ta rufa mini asiri ranar da na fasa tukunyar miya, ni kuma kaina yana jera ta a layi.

Ba a jima ba aka turo gadonta da gudu. Na hango fuskarta, fari fat kamar takarda, gashinta ya manne a goshi. Idonta a buɗe yake amma ba mu take kallo ba. Omma ta kira sunanta, "Ye-sol-a! Ye-sol-a!" har ƙofar lif ta rufe. Suka ce za a kai ta inda ake toshe jijiya.

"Wannan kuma fa?" Omma ta tambaya.

"Hanyar jinin za su rufe."

"In sun rufe shi ke nan?"

"Shi ke nan, in ya yi."

"In bai yi ba fa?"

Ta dube ni, ta saki hannuna a hankali, ta sulale ta zauna a ƙasa. Ta zaro carbinta na katako daga wuyan hannu ta shiga murzawa, bakinta yana motsi.

Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Rana ta karkata ta shigo ta tagar ƙarshen baranda. Sai likitar ta sake fitowa, wannan karon da takarda a hannu, rigarta ta jiƙe da gumi. Kai tsaye ta nufi Hyongbu.

"Mun toshe, ya ragu, ya sake ɓallewa. Jininta ya fara ƙin daskarewa. In muka ƙara jira za mu rasa ta. Dole mu cire mahaifar, kuma yanzu."

Hyongbu ya juyo gare ni. Ƙato ne, direban babbar mota a masana'antar ƙarfe, amma ranar muryarsa ta zama ta yaro.

"Choje, babu wani abin kuma? Ki tuna. Ke kina ganin irin wannan kullum. Babu wani a tsakani?"

"Babu, Hyongbu. Daga nan sai wanda ba a dawowa. Sa hannu."

"Za ta tsane ni."

"Ta tsane ka tana raye. Sa hannu!"

Alƙalamin ya suɓuce masa, ni na ɗauka na mayar masa cikin yatsu.

Yayata ta rayu. Bari in faɗa muku tun yanzu don kar in riƙe muku numfashi. Kafin faɗuwar rana aka fito da ita zuwa ɗakin kulawa ta musamman, da bututu a baki. Da muka ji, Omma ba ta yi kuka ba. Ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ta tara mu ni da Hyongbu a lungu.

"Ba wanda zai gaya mata. Kun ji ni? Sai ta ci ta sha, ƙafarta ta taka ƙasa. Mace mai ɗanyen jego in baƙin ciki ya shige ta ba ya fita, nono ma ƙafewa yake."

Hyongbu ya gyaɗa kai da sauri, na ga har sauƙi ya ji. Da aka roƙi likitar ta ce za ta iya jira har Ye-sol ta dawo hayyacinta sosai, amma in ta tambaye ta ba za ta yi mata ƙarya ba. Omma ta juyo kaina.

"Ke musamman. Bakinki ya fi na kowa sanin sunan abin."

Washegari na koma aiki, don zama a baranda ba ya ƙara wa kowa jini. Na kunna kwamfuta, jerin aikin ranar ya fito. Can tsakiya na ga sunanta. Ryu Ye-sol. Sunan da nake gani a bayan littattafan makarantar da nake gada daga wurinta. Yatsana ya tsaya a sama. Dokar aikinmu ce, ba ka taɓa bayanan ɗan'uwanka. Amma ko da babu doka, da na yanke yatsan nan kafin ya buga wannan lamba a gaban sunanta.

Na je teburin Madam Pyo. Mace ce mai kaushin baki, ta kusa ritaya, kullum da rigar sanyi ruwan ganye da ta saƙa da hannunta.

"Shugaba, akwai wanda ba zan iya ba."

Ta leƙa. "Kin buɗe?"

"Ban buɗe ba."

"Da kyau. Turo mini." Ta mayar da gilashinta, ta karanta shiru na ɗan lokaci, ni ina tsaye ina kallon bango. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kin san kuskuren da sababbin zuwa ke yi a irin wannan? Sai su buga ta ƙarshe kawai, wai ita ce babba. A'a. Duk abin da aka gwada sai ya shiga, daga allurar farko har ledar jinin ƙarshe. In ba haka ba, wanda ya karanta zai zaci shiga kawai aka yi aka yanke." Ta fara bugawa. "Mutanen nan sun yi yaƙi a kan yayarki. Je ki ci wani abu, fuskarki kamar takardar da firinta ta tauna."

Na shiga banɗaki na yi kukan da ban yi ba tun jiya.

Ranar da jirginsu ya dawo, Tae-ung bai je gida ba, daga tashar jirgi asibiti ya nufo. Da la'asar ne. Ya kira na same shi a wurin ajiye motoci. Na shiga motarsa, ya ƙara ɗumin hita, ya juyo da iskar wajen ƙafata. Warin man inji yana jikinsa. A kujerar baya akwai ƙaton ƙunshin busasshen ganyen teku, mai kauri, na tsibiri, irin wanda ake nema wa mai jego.

"Na yayarki ne. Tsohuwar da ta sayar mini ta ce a daɗe ana dafa shi." Ya dube ni. "Kin rame. Dan-bi-ssi, in kina so a ɗaga zaman Lahadi, zan yi wa su Baba magana. Kowa zai gane."

Ga hanya ya buɗe mini, in ce a ɗaga, in ƙara samun wata guda na ɓuya. Amma na gaji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Tae-ung-ssi, ba ɗagawa ba ce matsalar. Ni ba zan haihu ba."

Bai gane ba da farko. "Likita ne ya ce?"

"Ba wanda ya ce. Lafiyata ƙalau. Ba na so ne. Ba zan iya ba."

Ya sauke ajiyar zuciya, har ya ɗan yi murmushi. "Abin da kika gani ne. Kowa ya ga haka dole ya tsorata. Zai wuce."

"Tun kafin wannan ne. Tun bara."

Murmushin ya ɗauke. Ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari ya kalli gaba, inda babu komai sai bangon siminti.

"Tun bara," ya maimaita. "Ina ta zuba a gabanki kamar wawa. Ina cewa in mace ce kaza, in namiji ne zan koya masa iyo. Kina ji kina gyaɗa kai."

"Na ji tsoron in rasa ka."

"Mata nawa irin abin yayarki ke samu? A cikin ɗari nawa?"

"Kaɗan ne. Na fi ka sanin kaɗan ne. Sanin bai taɓa sa na yi barci ba."

"Ni kullum ina kan teku. Na san mutanen da ta ci, na je jana'izarsu. Ban daina hawa ba."

"Kai ka zaɓi teku da kanka. Ni ma ka bar ni in zaɓa."

Hita tana ta huci. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

"Ba zan yi miki ƙarya ba," ya ce daga baya. "Ina son 'ya'ya. Ke ma ina sonki. Ban taɓa kawowa a raina za a ce in ɗauki ɗaya in ajiye ɗaya ba."

"Lahadi fa?"

"Ban sani ba."

Na buɗe ƙofa zan fita, ya miƙa hannu baya ya ɗauko ƙunshin ya ɗora mini a cinya. "Wannan ba ruwansa da mu." Na tsaya rungume da shi har motarsa ta fice. Daga ranar wayata ta yi tsit. Babu "kin karya", babu hoto. Nakan buɗe shafinsa in ga saƙona na ƙarshe yana nan shi kaɗai.

Da aka mayar da yayata ɗakin masu jego, na hau da rana lokacin cin abinci. Omma ta tafi gida ɗauko miya, Hyongbu ya je leƙa jaririya ta gilashi. Na same ta a kishingiɗe cikin rigar asibiti mai ɗigon furanni, leɓɓanta sun tsage, ƙafarta cikin safa mai kauri da Omma ta tilasta mata. Ledar ƙarin ruwa tana ɗiga a hannunta.

"Onni, yaya jikin?" Haka ƙanwa ke kiran yayarta a wurinmu.

"Rufe ƙofar."

Na rufe.

"Zo nan. Zauna inda zan ga idonki." Muryarta a dishe saboda bututu. "Kowa ya shigo ɗakin nan sai ya kama kallon taga. Hyongbunki yana mini magana kamar wanda ya ci bashin gaisuwa. Omma ta ce an ɗan yi aiki ne an tsayar da jini. Dan-bi-ya, da kaina na haihu, ina ji ina gani. To wannan ɗinkin da ke cikina na mene ne?"

Na kalli hannuna.

"Zan iya tambayar likita, na san za ta faɗa. Ba na so in ji daga bakin baƙuwa."

Maganar Omma tana kunnena. Amma jikin nan nata ne, ita ce kwance a cikinsa. Na kama yatsunta, sanyi ƙalau, na rasa ta inda zan fara. Sai na fara daga farko.

"Bayan an ɗauke jaririya, mahaifarki ta ƙi tsukewa. Suka yi miki allura, suka canja wata, suna murza cikinki."

"Na tuna wannan. Da zafi. Sai kuma me?"

"Suka saka balan-balan ta danne wurin. Suka fara ƙara miki jini."

"Sai me?"

"Bai tsaya ba. Suka gudu da ke ƙasa, suka bi ta cinyarki suka toshe jijiyoyin. Ga tabon nan in kin taɓa. Ya ragu, har sun fara murna. Sai ya dawo."

Ta ƙara matse yatsuna. "Sai me?"

"Ba su yi gaggawa ba, Onni. Duk abin da ake yi sun yi, ba su tsallake ko ɗaya ba. Sun riƙe mahaifar har inda in sun ƙara riƙewa ke za su saki."

"Faɗi."

"Suka cire ta."

Ba ta yi ihu ba. Ta mayar da kai kan matashi, ta zuba wa silin ido. Hannunta ɗaya ya tafi a hankali ya kwanta a kan bargo, daidai mararta. Ana jin ƙarar keken abinci a baranda, da kukan wani jariri can nesa.

"Wa ya sa hannu?"

"Hyongbu."

"Ya yi gardama?"

"Ya ce za ki tsane shi."

"Sakarai." Bakinta ya ɗan motsa kamar za ta yi dariya. "Da bai sa ba, da fatalwata ta hana shi barci har ya tsufa." Sai dariyar ta karye. Hawaye ya gangaro ta gefen ido ya shiga kunnenta. Ba ta iya kuka da ƙarfi saboda ɗinki, sai jikinta kawai ke rawa. "Sauran sunaye biyun fa, Dan-bi? Ina zan kai su?"

Na kwantar da goshina a hannunta muka yi tare.

A haka Omma ta same mu. Ta tsaya a bakin ƙofa da kular miya a naɗe cikin ƙyalle. Kallo ɗaya ta yi ta gane.

"Kin gaya mata."

"Omma..."

"Wa ya aike ki? Na ce wa ya aike ki? Kwana nawa na roƙa? Ke a wurinki komai lamba ne, a buga a wuce!"

"Ni na aike ta," in ji yayata. "Omma, cikina ne. Kowa a gidan nan ya san abin da ke cikinsa ban da ni?"

Omma ta ajiye kular a kan tebur, ta kwance ƙyallen. Ƙanshin miyar ganyen teku da man riɗi ya cika ɗakin, daga ƙunshin Tae-ung ta dafa. Ta zuba a kwano, ta zauna a bakin gado, ta hura cokali.

"Buɗe baki."

"Ba na jin yunwa."

"Ban tambaye ki ba. Ni ma da na haife ki ban ji yunwa ba, na sha. Buɗe."

Yayata ta buɗe. Omma tana ba ta, hawayenta yana sauka a kan bargo, ba ta share ba. Cokali bayan cokali. Har na fara jin kamar guguwar ta wuce. Sai Omma ta ce, idonta a kan kwano:

"Yarinyar nan ba za ta tashi ita kaɗai ba. Ƙanwarki tana nan. Za ta haifa mata 'yan'uwa, su taso tare kamar ciki ɗaya. Ko ba haka ba, Dan-bi?"

Yayata ta juyo da jajayen idanunta kaina, kuma abin da na gani a cikinsu fata ne. Ku yarda da ni, da mari Omma ta yi mini da ya fi sauƙi.

Kafin in sami abin cewa wayata ta motsa a aljihu. Na zaro da sauri, zuciyata tana cewa shi ne. Saƙo ne daga baƙuwar lamba.

"Mahaifiyar Tae-ung ce. Ina ƙasa wurin zaman jira. Ni kaɗai na zo. Ya gaya mini abin da kika ce."

"Waye?" Omma ta tambaya. "Me ya sami fuskarki?"

"Daga ofis ne. Ina zuwa."

A cikin lif na ga kaina a madubi: baƙar riga duk ta yamutse, katin aiki a wuya, ido a kumbure. Na shafa gashina da tafin hannu, bai kwanta ba. Sau ɗaya na taɓa ganin matar nan, daga nesa, a bakin teku cikin kayan nitso.

Ƙofa ta buɗe. Wurin cike yake da masu jiran magani da masu ciki riƙe da ƙugu. Ban sha wahalar gane ta ba. Tana zaune a ƙarshen benci, bayanta a miƙe, cikin kwat ruwan goro da aka ajiye don manyan ranaku, jaka a kan gwiwa, fuskarta baƙa da rana da gishiri. Na je gabanta na rusuna har ƙasa-ƙasa. Ba ta amsa gaisuwar ba. Ta dube ni daga takalmi har gashi, ta ce da irin muryar waɗanda ruwa ya taɓa wa kunne, har na kusa da ita suka waiwayo:

"Ke ce kika ce ba za ki haihu ba?"

Ƙarya tana nan kusa, a kan harshena. Na haɗiye ta.

"Ni ce."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta dafa gwiwa ta miƙe, ta rataya jakarta.

"To, ɗauko rigar sanyinki. Maganar da na zo da ita ba ta cikin mutane ba ce."